Kan Katakon Don Primo

Tun da Doña Tomasa Dzul ta fara saƙar malfa, ba a taɓa cewa malfarta ta yi kwantai ba sai bana. Tana zaune a kogon bayan gida, inda duk mutumin garin Becal yake saƙa don kaba ba ta laushi sai a danshin ƙasa, ta miƙe ƙafafu, sili ɗaya a baki, sai ga 'yarta Yamili ta sauko da waya a hannu, fuskar nan kamar an aiko mata da rasuwa.

"Mama, Señorita Renata ce. Ta ce jakunkuna sun ƙare, mafitai sun ƙare, 'yan kunne ma a ƙaro mata. Amma malfa ko ɗaya ba a saya ba."

"Ko ɗaya a makon nan?"

"Ko ɗaya tun da muka kai."

Doña Tomasa ta zare silin daga bakinta. "Ta dai buɗe kwalin kuwa? 'Yan birnin nan sai su ajiye kaya a bayan ƙofa su manta."

"Suna rataye a bango, Mama. Ga hoto."

Ta karɓi wayar ta miƙa ta nesa da ido. Ga su nan kuwa, reras, kowace da fitilarta a sama kamar waliyyai a coci. Ta duba, ta sake dubawa, ba ta ga aibu ba, domin babu shi. Ita ta saƙa su.

Wannan harka ta 'yan hutu duk dabarar Yamili ce. Mu a nan malfa ɗaya muka sani, fara mai matsakaicin baki, wadda namiji zai sa ya je gona, ya karkaɗe ta ya je coci, ta tsufa a kansa. Yamili kuwa ta zauna da fensir ta zana wata aba mai faɗin baki kamar faifai, da ɗamara ruwan teku da 'yan wuri a gefe. Ta haɗa ta da jakar da za ta ɗauki tawul da tabarau, da mafici, da 'yan kunne marasa nauyi, duk launi ɗaya, wai don mace ta fito daga ɗakin otal ta yi kyau a hoto daga sama har ƙasa. Uwar ta saƙa, 'yar ta rina ta ɗinka. Señorita Renata, wata 'yar birni mai kanti a wani ƙaton otal na bakin teku wajen Tulum, ta gani a waya ta ba su bango guda, amma da sharaɗi. Malfa ce uwar tafiya. In ba ta karɓu ba kafin hutun Ista ya wuce, za ta ba wasu wurin, don mafici da ɗan kunne ba sa riƙe bango.

Ba bangon ne ya hana Doña Tomasa cin abinci ba. An riga an yi wa Yamili tayin aiki a ɗakin wankin wani otal a Cancún, can inda 'yan matan unguwar suka zurare ɗaya bayan ɗaya, suke leƙowa lokacin bikin gari da dogon farce mai fenti da yatsun da suka manta kaba. Yarinyar ba ta ɓoye ba: in wannan ta yiwu ta zauna, in ba ta yiwu ba ta tafi. Ita kaɗai Doña Tomasa ta haifa, kuma tsoron ranar da za ta zauna ita ɗaya a ramin nan tana jin numfashinta yake cin ta.

A kan dutsen da ke gefenta akwai kawunan katako uku a jere, irin waɗanda ake kifa malfa a kai ana saƙa ta har ta ɗauki siffa. Marigayi mijinta, Don Primitivo, wanda duk gari ke kira Don Primo, shi ya sassaƙa su. Ƙaramin kan Yamili ne tana 'yar firamare, matsakaicin na Tomasa ne, babban kuwa nasa ne, ya auna kansa da zare a gaban madubi. Allah ya yi wa Don Primo kai. Abokansa kan ce in ya zauna a layin gaba a coci, na baya sai dai su ji wa'azi, ba dai su ga mai yin sa ba. Ya sassaƙa abinsa har da ƙululun da ke sama da kunnen hagu, inda alfadari ya harbe shi yana yaro, wai malfar da ba ta san da ƙululun nan ba, ba tasa ba ce. Tun da ya rasu, kullum da safe in ta sauko sai ta ɗora tafin hannu a kan katakon ta ce, "Ina kwana, Primo." Babban yatsanta ya faɗa daidai kan ƙululun, sannan ta zauna aiki.

Labari bai kwana ba ya kai kunnen Doña Chona, maƙwabciyarta, wadda ta riƙe Yamili ranar baftisma, don haka comadre suke kiran juna. Ta sauko kogon tana haki, ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Comadre, baki ne. Na gaya miki kada yarinyar nan ta riƙa baza hotunansu a waya, kowane ɗan baƙin ciki yana kallo."

"To me ya sa bakin bai kama jakunkunan ba, comadre?"

"Ke ma dai! Baki yana zaɓe."

Aka shafe kwalin gaba da ɗanyen ƙwai da ganyen magani kafin a tura shi. Shiru. Doña Chona ta dawo ta ce ta gano, warin farar wutar da ake turara kaba da ita ne, Turawa hancinsu ba ya ɗauka. Aka shanya malfuna a inuwa, aka kwantar da su cikin furen lemo har suka riƙa ƙamshi kamar amarya. Shiru. Señorita Renata ta bugo ta ce wataƙila launin ne, bana an fi son ruwan yashi. Yamili ta kwance ɗamara ta sake rini, hannunta ya yi sati bai koma daidai ba. Nan ma shiru.

"Tsaya," in ji Doña Chona wata rana, ta rage murya tana waige-waigen bangon kogon. "Yaushe rabonki da ki ajiye wa alush wani abu?"

Doña Tomasa ta ajiye saƙar. Gaskiya tun rasuwar Primo ba ta ajiye wa alush, ƙananan aljanun nan masu kogon, komai ba, shi ne mai kula da su. Aka dama kunun masara da zuma aka zuba a ƙoƙo, aka ɗora karan taba biyu a kan dutse. Washegari taba ta ɓace, kunu na nan. Doña Chona ta ce alhamdu, sun karɓa. Yamili ta ce ita dai ta ga mijin Doña Chona yana busa hayaƙi a bayan katanga, shi da aka hana shi sha.

Abin da ya ƙarasa ruɗa ta shi ne ranar da Señorita Renata ta ce ta ƙara wa malfunan kuɗi, wai masu hali ba sa yarda da abu mai araha.

"Yamili, sake faɗa min a hankali. An ƙi saye da sauƙi, shi ne ta ƙara?"

"Haka ake yi a can, Mama."

"To an saya?"

"A'a. Amma ta ce kowa sai ya gwada, kowa sai ya yaba. Har hoto suke ɗauka da ita."

"Su sa, su yaba, su yi hoto, su ajiye?"

"E."

Doña Tomasa ta ɗauki wata malfa ta kifa a kanta, ta zauna ɗas. Ta kifa wa Yamili, ɗas. Ta kifa wa Doña Chona, ɗas, har ta nemi a bar mata. Ta dubi babban katakon ta ce, "Primo, ka ji wani abu?" Sannan ta miƙe ta karkaɗe zani ta ce gobe za ta je ta gani da idonta.

Ta sa farar rigarta mai aikin furanni a wuya, wadda take zuwa biki da ita, ta ƙulle gurasar masara da dafaffen ƙwai a ƙyalle, don ta ji an ce a can ko ruwan sha sai an saya. Bas ta kwashe su ita da Yamili tun da sanyin safiya, ba ta sauke su ba sai da rana ta take.

Ba ta taɓa ganin wurin hutu ba, kuma abin da ta gani bai taimaka mata ba ko kaɗan. Mutane ne birjik kwance a yashi tsakar rana, sun shafe jiki da mai kamar kifin da za a soya, ba mai korar su, ba kuma mai biyan su. Ita duk rayuwarta ta san rana abar gudu ce, don haka ma ake saƙa malfa. Ga wata tsohuwa, sa'arta ko ta girme ta, tana tafe da 'yan ƙyallaye biyu da ba za su isa goge tukunya ba.

"Yamili, wancan mutumin lafiya yake? Ya yi ja."

"Hutu yake, Mama."

"Gidansu ba inuwa ne?"

"Ranar suka zo nema. Garinsu sanyi."

"To in rana suke so, me za su yi da malfa?"

"Mama, don Allah rage murya."

Señorita Renata ta tarbe su da runguma da sumba a kumatu, doguwa ce mai gashi a gyare kamar ba ta taɓa kwanciya a kansa ba. "Doña Tomasita! Mai hannun zinariya! Zauna nan, baƙi za su ji daɗi su ga mai saƙar da kanta." Ta dasa ta a wata kujera kusa da madubi. Kantin sanyi ƙalau kamar cikin firji, iskar kuma a bushe. Doña Tomasa ta ji tausayin kabarta, amma da ta taɓa ta ji lafiyarta lau.

Ta zauna ta zuba ido. Wata budurwa mai gashi ruwan masara ta shigo, ta hango bangon ta dafe ƙirji, ta ciro malfa ta sa. Ta juya hagu, ta juya dama, ƙawarta ta ɗauke ta hoto. Ta ɗan ja bakin malfar ƙasa, ta ɗan tura ta baya, ta cire, ta shafa goshi, ta yi wa Doña Tomasa wani murmushi mai faɗi ta faɗi wata kalma.

"Ta ce kyakkyawa ce," in ji Señorita Renata.

Budurwar ta mayar da malfa, ta sayi mafici ta fita.

Ta biyu ma haka. Ta sa, ta yaba, ta cire, ta shafa goshi, ta sayi 'yan kunne. Ta uku ta shafa goshi, ta huɗu ta shafa goshi.

"Yamili," ta raɗa mata, "shafa goshin nan fa? Gaisuwarsu ce?"

"Ban sani ba, Mama. Wataƙila tunani suke."

"Duk tunaninsu a wuri ɗaya yake?"

Da ta biyar ta shafa goshi tana murmushi, Doña Tomasa ita ma ta shafa nata ta rusuna, don kada a ce mutanen Becal ba su da tarbiyya. Matar ta dube ta da mamaki, ta sake shafawa. Doña Tomasa ta sake ramawa. Da Yamili ba ta taka mata ƙafa ba, da ban san inda za su tsaya ba.

Har la'asar ba abin da ya sauya. Kanta ya yi zafi, ƙwai ya ƙi ciyuwa. Ta fara tunanin ko dai alush ɗin ne da gaske, ko kuma tsufa ne ya taɓa mata ido har ba ta ganin aibun aikinta. Ta saci kallon Yamili, ta ga yarinyar ta ƙura wa wasu mata ma'aikatan otal masu riga iri ɗaya ido, suna tura keken tawul ta bayan gilashi. Ta kau da kai.

Sai ga wani dogon tsoho da matarsa. Da gani jiya ya iso, don rana ba ta gasa shi ba tukuna, kansa kuwa tal, ko sili babu. Matar tana nuna sanƙon tana nuna rana tana faɗa, irin faɗan da ba ya bukatar tafinta. Ta ciro babbar malfa, wadda aka saƙa a kan katakon Primo, ta kifa masa. Malfar ta tsaya can sama kamar kaza a kan katanga. Ya kama da hannu biyu ya ja ta ƙasa da ƙarfi, ta shiga, amma bakinta da yake miƙe sumul ya lanƙwashe ya yi tudu da kwari. Ya yi murmushin dole, ya faɗi kalmar nan tasu, ya cire.

A kan mai gashi ba a ganin komai. A kan sanƙo kuwa ga shi nan ɓaro-ɓaro: jan layi a goshi, jan layi a ƙeya, gefe da gefe kuma fari fat, ko taɓa shi malfar ba ta yi ba.

Doña Tomasa ba ta san lokacin da ta miƙe ba. "Sunkuyo," ta ce masa. Bai gane ba. Ta kama gaban rigarsa ta jawo shi ƙasa, ta damƙi kan bawan Allah da hannu biyu tana juya shi kamar mai zaɓen kankana a kasuwa.

"Doña Tomasita!" in ji Señorita Renata. "Baƙo ne!"

"Mama, sake shi!"

Ina, ba ta ji. Tafukan hannunta sun matso kusa da juna fiye da yadda suka taɓa matsowa a kan wani kai. Ta ɗora hannu a goshinsa ta shafa zuwa baya, tana tafiya, tana tafiya, kai bai ƙare ba.

"Yesu, Maryamu da Yusufu! Wannan ai ba kai ba ne, gwanda ce!"

Tsohon dai ya tsaya a sunkuye yana kallon matarsa, da alama ya ɗauka wata al'ada ce da aka haɗa cikin kuɗin otal. Doña Tomasa ta sake shi ta cafke kan matar, gwanda. Ta juya ta cafke na Señorita Renata, ta dagula gyaran gashin nan, shi ma gwanda.

"Ke ma? Señorita, wata nawa suna rataye a gabanki, ba ki taɓa sa ko ɗaya ba?"

"Malfa tana ɓata min gashi," in ji Señorita Renata tana lalubar madubi.

Doña Tomasa ta koma ta zauna jagwab. Ita duk zamanta a duniya ta ɗauka kai iri ɗaya ne, sai dai babba da ƙarami. Na Primo, nata, na Yamili, na limamin coci, na mai sayar da alade ranar Litinin, duk a mulmule suke kamar ƙwarya, duk malfarta na zama musu. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa akwai mutanen da aka matse wa kai ta gefe aka ja shi gaba da baya.

"To su me ya hana su faɗa? Abu yana matse ka, sai ka yi murmushi?"

Señorita Renata ta tambayi matar tsohon da yarensu, ta juyo. "Ta ce aikin hannu ne mai kyau, ba ta so ta ɓata miki rai. Ta ɗauka nata kan ne ba daidai ba."

"Ikon Allah. Ni ina can ina ba aljanu taba."

Yamili, wadda kanta ya fi na kowa saurin dawowa, ta zaro zare daga jaka ta roƙi tsohon da matarsa da duk wanda ya shigo, ta auna su gaba zuwa baya, kunne zuwa kunne, tana ƙulli. Señorita Renata ta ce ta ji ta gani, amma Ista ta ƙarato, ba za ta iya ɗaga musu ƙafa ba.

A hanyar dawowa Doña Tomasa har da waƙa, don a ganinta magana ta ƙare, sabon kan katako kawai za a sassaƙa. Kafintan gari ne ya kashe mata jiki. Ya ce sassaƙa ba wuya, itacen ne babu. Kan malfa sai itacen da ya ga damina ya ga rani yana bushewa a inuwa. In aka sa ɗanye a kogo zai yi ta tsatsafo da ruwa ya ɓata farar kaba, daga baya ya tsage. An zaga gari, an je garuruwan kusa, ba mai busasshen gungume mai wannan kauri, masu shi kuma suna aiki da abinsu. Yamili ta gwada naɗa tsumma a gaba da bayan katakon kan uwarta don ya yi tsawo. Danshi ya sa tsumman ya zame, malfar ta fito kamar an zauna a kanta.

Ran nan da hantsi Doña Tomasa ta sauko ta tarar da Yamili tsugune gaban kawunan uku da zaren nan mai ƙulli. Ta gwada a ƙaramin, ta gwada a matsakaicin, zare ya yi musu yawa. Ta ɗora a babban, daga goshi zuwa ƙeya, ƙullin da aka auna a kan matan ya faɗa daidai kamar don shi aka yi. Tsawon ya isa. Gefe da gefe ne kawai suka yi faɗi, abin da magagari zai rage kafin azahar. Yamili ta ji motsi ta dunƙule zaren ta cusa a aljihu.

"Me kika gani?"

"Ba komai, Mama. Bai yi ba."

Ta haye sama da sauri. Ta bar Doña Tomasa ita da katakon. Da ta hau cin abinci ta ga an sauko da jakar tafiya daga saman kabad, an goge mata ƙura, an jingine ta a bayan ragar barci inda ake zaton ba za ta gani ba. Ta ci waken da ƙyar.

Bayan sun gama ta buɗe akwatin kayan aikin Primo, wanda ba a taɓa ba tun rasuwarsa, ta ɗauki magagari da guntun gawayi da tsohuwar malfarsa ta gona, ta sauka. Yamili ta biyo ta a guje.

"Mama, me za ki yi?"

"Ba ni zaren."

"Wallahi ba za a taɓa kan Baba ba. Zan tafi Cancún ɗin, ai ba mutuwa ba ce. Duk wata zan zo."

"Haka 'yar Chona ta ce. Ba ni zaren."

"Shi kaɗai ya rage miki fa!"

"Ke kuma guda nawa gare ni?"

Yamili ta fashe da kuka, ta miƙa zaren. Doña Tomasa ta zauna ta matse katakon tsakanin gwiwoyinta, ta shimfiɗa malfar Primo a ƙasa don ta tari abin da zai zuba. Ta auna, ta ja layi da gawayi a dama, ta ja a hagu. Layin hagu ya bi ta bayan ƙululun, ya bar shi a waje. Ta sake aunawa ko ta yi kuskure. Ba ta yi ba.

Ta daɗe da babban yatsa a wurin. Sannan ta share hanci da bayan hannu ta ce, "Primo, ka yi haƙuri. Kai ma ka sani, dama kan nan naka ya yi yawa."

Ta ɗora magagari. Itacen ya bushe shekara da shekaru, ya yi tauri, sai da ta sa ƙarfi. Ƙamshinsa ya tashi sabo fil, irin wanda yake cika tsakar gida a da in Primo yana sassaƙa, wannan ne ya karya mata zuciya har hawaye suka riƙa ɗiga a kan garin katakon. Ba ta tsaya ba. Da hannunta ya gaji, Yamili ta karɓa ta yi ɗaya gefen, tana yi tana sheshsheƙa. Doña Tomasa ta tattara garin kaf a cikin malfar, ta naɗe, ta cusa a wani lungun bango.

Malfar farko da ta sauka daga sabon kan, Yamili ta kifa a kanta. Ta matse ta a kunnuwa, gaba da baya kuwa sai ka zura yatsu biyu.

"Ba ta yi min ba, Mama," ta ce, sai kuma ta ƙyalƙyale da dariya. "Ba ta yi min ba!"

Aka kira Doña Chona, ba ta yi mata ba. Aka tare mai keken haya a titi, ba ta yi masa ba. Aka bi layin gida-gida, ba mutum ɗaya da malfar nan ta zauna wa, uwa da 'ya kuwa sai murna suke suna tafawa. Doña Chona ta koma gida ta gaya wa mijinta cewa comadre ta taɓu, kuma ita ta san alush ne.

Kwali ya tafi ana saura kwanaki Ista. Kafin hutun ya ƙare Señorita Renata ta bugo tana ihu a waya, bango ya zama wayam, a ƙaro, a ƙaro da sauri. Jakar tafiya ta koma saman kabad.

Washegari Doña Tomasa ta riga kowa sauka, kamar kullum, ta tarar da babban katakon ba malfa a kansa, karo na farko tun da aka rage shi. Hannunta ya tafi da kansa ya sauka a kan babban katakon. "Ina kwana, Pri…" Babban yatsanta ya laluba, ya sake lalubawa, ba komai sai santsi. Ta rufe ido ta kama shi da hannu biyu, ta shafa gaba, ta shafa baya. Ba ta san wannan mutumin ba. Ta tsaya a wurin, ta rasa da wane suna za ta gaishe shi.

Can ta ji ƙarar silifas a kan matakala, da muryar Yamili tana mita wai kofi ya yi zafi kuma an bar mata ɗaukar kaba ita kaɗai. Doña Tomasa ta ɗauke hannunta daga kan katakon, ta goge ido da gefen riga, ta matsa gefe ta ba ta wurin zama.